A'a Ɗaya Tak da Sajan Haladu Ya Ce Mini a Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban huta ba. A masallaci a tare ni, a majalisar bakin asibiti a tare ni, har mai wankin motata sai da ya ce, "Likita, wai da gaske a can 'yan kwana-kwana allura suke yi?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa yana ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shekaranjiya ma na ji an ce wai suma na yi a can, Sajan Haladu ya saɓo ni a kafaɗa. To ban suma ba. Abin da ya faru ya fi suma ban kunya, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Ga mafarin. An sayo wa ofishin kashe gobara na garinmu motocin ɗaukar marasa lafiya guda biyu, sabbi fil. Amma ƙa'ida ta ce ɗan kwana-kwana ba zai ba mara lafiya ko ƙwaya ɗaya ba sai akwai likitan da ya tsaya masa: ya rubuta musu tsarin aiki, ya riƙa amsa kiransu ta oba-oba, ya kuma sa hannu cewa duk abin da suka yi a wuyansa yake. Aka naɗa ni, ba don na fi kowa ba, sai don ranar da aka yi taron ban je ba. Ni kuwa na ƙi sa hannu. Shekara goma sha bakwai ina aikin likita, sannan in ɗauki lasisina in damƙa wa mutanen da aikinsu tiyo da tsani? Wata takwas motocin suna ajiye a gindin darbejiya, har kazar mai gadi ta yi ƙwai a ƙarƙashin ɗaya.

Da abin ya ishi manya, sai aka samo mafita. Akwai wani babban kamfani a kudancin Jidda mai nasa 'yan kwana-kwana da nasa motocin asibiti, da likitar da take kula da su. Suka yarda mu je mu yi mako biyu, ni da wanda zai shugabanci motocinmu, wato Sajan Haladu. Sharaɗin a fili yake. Idan likitar can ta ba Sajan takardar shaida, dole in sa hannu. Idan ta hana, a mayar da motocin wata ma'aikata, Sajan kuma ya koma kan tiyo har ritaya.

Sajan mutum ne mai shekara hamsin da biyu, dogo, baƙi, mai hannu kamar faranti. Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Da muka shiga a Kano, maimakon ya nemi kujerarsa, sai ya tsaya yana ƙirga layukan da ke tsakaninmu da ƙofar gaggawa. Daga nan ya gano tukunyar kashe wuta a bayan wata kujera, ya durƙusa yana karanta kwanan watan da ke jikinta, mutane sun yi layi a bayansa. Ma'aikaciyar jirgin ta ce ya zauna, ya ce ai likita bai zauna ba tukuna.

Sai da muka yi nisa a sama na tambaye shi me ya sa ya ƙwallafa rai a kan motocin nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata mata da na fito da ita daga wuta da ranta. Tana magana, har tana tambayar ɗanta. A bayan a-kori-kura muka kwantar da ita, kanta a cinyata. Kafin mu kai asibiti ta cika. Ba abin da nake da shi a hannu sai hular kwano." Aka kawo abinci, aka tambaye shi kaza ko kifi, ya ce duk wanda suka ga ya dace.

A filin jirgin Jidda muka gamu da cikas na farko. Ana ɗaukar hoton yatsu. Ni nan da nan aka gama da ni. Sajan ya ɗora nasa, na'ura ta yi ja. Ya goge a riga, ta yi ja. Jami'in ya ba shi wani mai ya shafa, ta sake yin ja. Ashe shekara talatin na kama ƙarfe mai zafi sun cinye zanen yatsunsa, sun zama sumul. Jami'in ya kama hannun yana juyawa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya duba. Na haɗa ɗan Larabcin islamiyya da Turanci na ce mai kashe gobara ne. Sai suka yi ta "Masha Allah", ɗaya har da dafa ƙirji. Ƙaramin yatsan hagu ne ya cece mu, shi kaɗai wuta ta raga wa.

Muna wuce nan aka buɗe jakarsa. Kuka, daddawa, yaji, kuɓewa busasshiya, duk tsarabar dangi. Mai binciken ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ɗaure, ya tura mana jakar, ya yi mana alama da bayan hannu mu yi gaba.

Dangin da ake wa tsarabar suna jiranmu a waje, wato Ammu Bakur. Kakansa ne ya taho aikin Hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan bai koma ba, kuma wan kakar Sajan ne. A Jidda aka haifi Ammu, ya yi aikin tuƙin bas har ya ajiye. Shekarunsa sun haura sittin, amma gemun nan baƙi ƙirin ya sha rini, turare kuwa tun kafin ka gan shi za ka ji shi. Ya rungume Sajan yana sumbatarsa a kumatu dama da hagu, Sajan ya sandare kamar an kama shi da sata.

"Ya hala, ya hala! Ɗan'uwana! Ina mutan gida? Kai ne daktor? Ahlan! Yalla, ku shiga sayyara, zafi marra!"

Haka Hausarsa take, rabi tamu, rabi tasu, kuma wadda take tamun irin ta kakanni ce. Tuƙinsa ma haka. Yana magana yana waiwayo mu, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana nuna mana gadoji.

A Sharafiyya aka kama mana masauki, ɗaki biyu da falo a saman wani shagon sayar da wayoyi. Unguwa ce da ba kalar mutumin da babu: Indiyawa, Yamalawa, Misirawa, 'yan Sudan, ga namu 'yan Nijar da Chadi da za ka ji suna ciniki da Hausa a bakin titi. Da safe Ammu ya koya mana karin kumallon garin, ful da tamis, wato wake da aka dama da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi. Na ce wake da safe, sai ka ce masu shirin noma? Bayan kwana uku ni ne mai tashin Sajan mu je layi. Abin da ban saba da shi ba har muka taho shi ne na'urar sanyaya ɗaki. A waje kana narkewa, a ciki kana neman bargo. Sajan ya kwana biyu yana rawar ɗari, bai rage ta ba, wai kada likita ya ji zafi. Ni kuma ina can ɗakina ina zaginsa a zuci, na ɗauka shi ne mai son sanyin.

Ran Lahadi muka fara zuwa wurin aiki, don su can Juma'a da Asabar ne hutunsu. Aka tarbe mu da gahawa da dabino. Gahawar tasu ruwa-ruwa ce, mai ɗaci, a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Ashe idan ka ƙoshi sai ka girgiza kofin kafin ka miƙa, in ba haka ba a sake zuba maka. Ni na lura da yadda na kusa da ni ya yi. Sajan bai lura ba. Ya shanye ya miƙa, a zuba. Ya shanye ya miƙa, a zuba. Mai zubawa ba zai daina ba don kada a ce ya yi wa baƙo rowa, Sajan ba zai ce ya isa ba don kada a ce ya raina karamci. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin na kama hannunsa na girgiza masa da kaina. Ranar har la'asar idonsa bai ƙifta daidai ba.

Sannan muka ga likitar, Daktora Huda. Na yi zaton wata dattijuwa zan gani. Sai ga mace da ba ta kai arba'in ba, siririya, da tabarau. Ta dube mu ta ce, "Sannunku da zuwa. Ya hanya?" Ashe ita ma jikar mutanenmu ce, a unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife ta. Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe, in ta maƙale sai ta tsallaka Larabci, amma ba ta taɓa maƙalewa a kan abin da take son faɗa ba.

Aikinta ya ba ni mamaki. Ba ta zuwa wurin haɗari. Tana zaune a wani ɗaki da oba-oba a gabanta, 'yan kwana-kwana su kira daga inda suke, su faɗi abin da suka gani a taƙaice, ta ce a yi kaza. Abin da ke rubuce a tsarin aiki kuwa ba sa ma jiranta. Kowace safiya kuma ta tara su, a bi rahoton jiya ɗaya bayan ɗaya, wane ya yi daidai, wane ya makara. A irin wannan zama na ga abin da ya kusa kayar da ni daga kujera. Ta ce da wani matashi ya kamata ya ƙara wa wani mara lafiya ruwa. Saurayin nan, da bai fi sa'an ƙanena na uku ba, ya ce, "La, ya daktora," wato a'a, ya karanto mata dalili daga takardarsa. Na jira in ga an kore shi. Sai ta ce, "Sah. Shukran," wato gaskiyarsa, ta gode, ta wuce rahoto na gaba. Na dubi Sajan, na ga ya sunkuyar da kai, shi yake jin kunyar.

Makon farko Sajan ya burge kowa. Danna ƙirji, ɗaure karaya, tsayar da jini, sa abin numfashi, duk hannunsa ya faɗa. Sunayen magunguna da adadinsu ya haddace su kamar karatun allo. Na fara jin tsoron lallai zan sa hannun nan.

Sai aka zo jarrabawar oba-oba. Aka kwantar da wani mutum-mutumin roba, aka rataya masa kati a wuya mai bayanin ciwonsa. Sajan yana kansa, Daktora tana wani ɗaki ba ta ganinsa, ni kuma an ajiye ni a gefe ina kallo. Katin ya ce jikin mutumin ba ya karɓar asfirin. Sajan ya karanta mata komai. Sai muryarta ta fito: "Tayyib. Ba shi asfirin."

Na ga Sajan ya dubi katin, ya dubi oba-oba. Ya sani sarai. Sai ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Bai bayar ba. Ya buɗe jaka ya rufe. Ya zazzage aljihun gefe. Ya ɗauko ƙwayar, ta suɓuce masa da gangan, ya bi ta ƙarƙashin gado da rarrafe. Yana can har lokaci ya cika.

Daktora ta shigo. "Ya Sajan, ka san ghalat ne, kuskure ne?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To lesh, don me ka ce to?"

"Ai ban ba shi ba."

"Ni ina ganinka? Ni a can kunne kawai gare ni. Ka ce to, na rubuta an ba shi. Asibiti su karɓe shi a kan an ba shi. Kuma gobe in sake yin ghalat ɗin, don ba wanda ya gaya mini. Da gangan na yi, ya Sajan. Ina so in ji ka ce a'a."

Sajan ya ce, "To."

Ku da kuke dariya, ku tuna duk haka muke. Wane ne a cikinku ya taɓa ce wa babba a'a a gaban idonsa? Sai dai mu ce to, mu koma gefe mu ƙi yi. Da haka muke zaman lafiya da iyaye da surukai da shugabanni. Sai da na je Jidda na ga inda wannan ladabin zai iya kashe mutum.

Aka sake gwadawa ran Talata. Wannan karon adadin maganin yaro ta ninka. Sajan ya ce, "To... sai dai ko... to." Ran Laraba kuwa sabuwar dabara ya fito da ita. Tana ba da umarnin, sai ya hau bubbuga oba-oba a tafin hannu yana cewa, "Ba na ji! Ranki ya daɗe, ba na ji!" alhali muryarta har waje ake ji. 'Yan kwana-kwanan da ke kallo suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Daktora ba ta yi ba. Ta ce Lahadi ce ta ƙarshe, in bai faɗa da bakinsa ba, ba takarda.

A masauki na ce bari in taimaka. Na ce, "Sajan, yau Talata ce."

"Haka ne, likita."

"Laraba ce fa!"

"To ai ku kuka yi karatu."

Na ce ya dube ni ya ce, likita ka yi kuskure. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Allah ya kiyaye." Na yi ta faɗa, yana ba ni haƙuri. Amma in faɗa muku gaskiya, can ƙasan raina daɗi nake ji. In ya faɗi, na huta da sa hannu, kuma ba laifina ba ne. Ladabin nasa ma ba ƙinsa nake yi ba. Daktora kamar ta karanta zuciyata. Ran Alhamis ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Ya daktor, mutum ba ya koyon irin wannan 'to' ɗin shi kaɗai. Akwai manyan da suka koya masa." Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina yarinyar da na fara aiki tana sakandare.

Ran Juma'a Ammu Bakur ya gayyace mu cin abinci a gidansa a Nuzla. Nuzla ba Jiddar da kuke gani a hoto ba ce. Lunguna ne matsattsu, gidaje a cushe, wayoyin lantarki a sama kamar saƙar gizo. In ba don Larabcin da ke tashi ba sai ka rantse cikin birni kake a gida. Bayan an sauko daga masallaci motoci suka cika kowane lungu, mu ma da ƙafa muka ƙarasa.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa. Ga shinkafa da kifi irin tasu da suke kira sayadiyya, ga kuma tuwo da miyar kukar da Sajan ya kawo, daddawar nan ta cika gidan. Matar Ammu, Khala Zainab, da 'yarsu Maryam suna ciki, muryarsu kawai muke ji. Ammu ya ci tuwon nan har da lumshe ido, yana cewa rabonsa da irinsa tun rasuwar mahaifiyarsa. Yana cikin ba mu labarin yadda ya taɓa tuƙa bas daga Makka ba birki, sai ya yi shiru. Ya dafe ƙirji. Gumi ya karyo masa, fuskar ta yi toka-toka.

"Sadri... ƙirjina... kamar an ɗora dutse."

Sajan ya riga ni isa. Ya jingina shi da bango, ya ɓalle masa maɓallan wuya, ya ƙwala wa Maryam kira ta nemo motar asibiti. Mata suka fito ba ko lulluɓin kirki. Maryam tana waya tana kuka, ta ce sun taho, amma sai dai su shigo da ƙafa saboda motocin da suka toshe lungu.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har da ɗan jin daɗi. Kwana goma sha biyu ina zaune a gefe kamar ɗan rakiya, yau ga aikina ya zo. Na kama hannun Ammu ina duba agogo. Na tambaya ko yana da ciwon zuciya. Maryam ta ce, "Aiwa, Abuya yana da ƙwayar ƙarƙashin harshe," ta ruga ta kawo wata 'yar kwalba. Na duba, ita ce. Ban lura da cewa Sajan yana laluben aljihunan Ammu ba, kamar yadda aka koya musu a yi wa duk wanda ya faɗi. Ban kuma ga lokacin da ya raɗa masa magana a kunne, Ammu ya gyaɗa kai ido a rufe ba.

Na miƙa wa Sajan kwalbar. "Sa masa ɗaya a ƙarƙashin harshe. Maza."

Ya karɓa. Ya dunƙule ta a cikin hannun nan nasa. Ya ce, "To..." Sai ya ɗago ya dube ni.

"A'a."

Na ɗauka kunnena ne. "Me ka ce?"

"A'a, likita. Ba za a ba shi ba."

Kun san ni da zuciya. Na daka masa tsawa a gidan mutane. "Kai ne likita ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Amma ba za a ba shi ba."

"Ba ni kwalbar!"

Ya mayar da hannun bayansa. Maryam ta fara ihu da Larabci a ba ubanta magani. Na ce, "Dalili? Faɗi dalili!"

Ya dubi Khala Zainab, ya dubi Maryam, ya sunkuyar da kai. "Dalilin ba na gaban iyali ba ne."

Sai ya kamo hannuna da ɗaya hannun, ya ja shi ƙarƙashin ledar abinci, ya danna mini wani abu a tafi. Na leƙa. Sachet ne na ƙwayoyin nan masu ruwan bula, maganin ƙarfin maza, gurbi biyu babu kowa. Ya raɗa mini, "Da safen nan ya sha."

Duk ɗalibin likita ya san wannan: wanda ya sha wannan maganin, in ka sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe, jininsa zai iya faɗuwa warwas, a gabanka ya tafi. Tambaya ce da ake yi kafin a bayar. Na sha koyar da ita. Ban yi ba, saboda na ga dattijo, na ga iyalinsa a tsaye, kuma ina sauri in nuna ni ne likita.

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Gaskiyar Sajan ne. A kawo asfirin in akwai."

Sajan ya tambayi Ammu ko asfirin yana ba shi matsala, ya ce a'a, aka ba shi ya tauna. Muna ta ƙoƙarin ɓoye sachet ɗin tsakaninmu kamar ɓarayin goro, sai Khala Zainab ta ce daga inda take tsaye, "Mai shuɗin nan ne ko? Wallahi na gaya masa. Na ce ya Bakur, halas, mun girma, ka bar mu mu huta." Maryam ta rufe fuska ta shige ciki. Ammu, da ke tsakanin rai da mutuwa, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Uskuti, yi shiru, ya Zainab."

Masu motar asibiti suka iso a guje da gadon ɗauka. Ni na yi musu bayani, kuma abin da na fara faɗa shi ne maganin da ya sha da lokacin da ya sha shi. Aka fita da shi ta lungu, maƙwabta na leƙe ta taga. A asibiti aka samu jijiyar zuciya ce ta toshe, aka buɗe ta. Kafin mu taho har ya fara yi wa ma'aikatan jinya labarin bas marar birki.

A barandar asibitin ne Sajan ya same ni. Ya cire hula, ya durƙusa a gabana a kan tayil, Larabawa na wucewa suna kallo. "Likita, ka yafe mini. Na yi maka musu a gaban mutane." Na rasa inda zan sa kaina. Na kama shi na ɗaga, nauyi kamar buhun masara, na ce in ya ƙara durƙusa mini sai na kai ƙararsa. Kunya ce ta ishe ni, da tsoro, don na san da ya bi maganata, da yanzu gawa muke rakiya.

Na yi niyyar kada Daktora ta ji. Ban san Nuzla ba. Ran Lahadi muna shiga ta ce, "Ya daktor, ya jikin Ammu Bakur?" Ashe ƙanwar kakarta maƙwabciyarsu ce. Na zauna na ba ta labarin da bakina, ban rage komai ba. Ba ta yi mini dariya ba, kuma ba ta ce ai ta faɗa ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta ce duk da haka sai an yi jarrabawa, ƙa'ida ƙa'ida ce.

Aka kwantar da mutum-mutumi. Ta ba da umarnin kuskure. Sajan ya danna oba-oba ya ce, "Ranki ya daɗe, Allah ya huci zuciyarki, ba don na isa ba, ni ba kowa ba ne, amma a'a. Katinsa ya hana."

Ta shigo tana murmushi. "Gabatarwar ta yi tsawo, ya Sajan, mara lafiya zai gaji da jira. Amma halas. Ka ci."

Sauran labarin kun sani. Ranar da muka sauka, kafin in je gida, na wuce ofis na sa hannu. Motocin suna kan hanya yanzu, oba-oba tana kan teburina, kuma kowace Litinin muna zama mu bi rahoto.

Abin da ba ku sani ba shi ne wanda ya faru da na koma ɗakin marasa lafiya na asibitinmu. Akwai shugabar ma'aikatan jinya, Sista Asabe, shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ban taɓa jin ta ce mini komai ba sai "to, likita". Bayan mun gama zagaye na kira ta gefe. Na ce, "Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kin taɓa ganin na rubuta abin da ba daidai ba, kika ce to, sannan kika gyara a bayan idona?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ga da gaske nake. Ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta, ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce, "Likita, daga wace shekara kake so in fara?"